Kunnen Arvid da Sensa Biyu

Duk mai tsohon babur ɗin ƙanƙara a gefen tafkinmu, yayana Arvid yake kai wa ya daidaita masa kafireta. Irin baburan nan kafireta biyu gare su, kuma dole su riƙa zuƙar iska daidai wa daida, in ba haka ba ɓangare ɗaya ya ɗau zafi ya ƙone fistin. Arvid ba ya neman komai sai guntun tiyo. Baki ɗaya a kafireta, ɗaya a kunnensa, ya saurari wannan, ya saurari waccan, ya murɗa noti, shi ke nan.

To, kunnen ya tafi, Arvid ya daina ji sosai. Kowa ya sani, daga faston cocinmu har mai sayar da tsutsar kamun kifi, amma mu mutanen arewacin Minnesota gara mu wuni muna zancen sanyi da mu faɗa wa mutum abin da zai sosa masa rai. Bara babur ɗin maƙwabcinsa Toivo ya ƙone fistin a tsakiyar daskararren tafkin, fitowarsa ke nan daga hannun Arvid. Toivo ya ce mai ne ba shi da kyau. Bana kuwa, da bikin hawan tsofaffin babura na shekara-shekara ya matso, sai ya bi ta bayan gidan Arvid ya kai nasa wurin wani makaniki a cikin gari. Arvid ya ga sawun a kan ƙanƙara. Daga nan ya daina shiga garejinsa, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Ni a masana'antar haɗa kayan lantarki na yi aiki har na yi ritaya, don haka na ce bari in ƙera masa abin da zai maye kunnen. Ƙaramin akwati ne da tiyo biyu da agogo mai allura: allura ta tsaya tsakiya, kafireta sun yi daidai. Saura sensa, 'yar na'urar da ke jin ƙarfin zuƙar iskar. Biyu na sayo. Babbar ta manyan motoci ce, an yi ta don matsi mai yawa, bambancin da ke tsakanin kafireta biyu a wurinta kamar a ɗora gashin kaza ne a sikelin shanu. Ƙaramar kuwa ko hura tiyon ka yi sai allura ta motsa.

Na baje su a teburin Doreen, matar Arvid, tana zuba mana kofi. Na yi mata bayani.

"Sa masa babbar," in ji ta.

"Babbar ai ba ta ganin komai, Doreen."

"Yo shi ya sa! Ya daidaita da kunnensa, ya jona akwatinki, allura ta ce masa ya yi daidai. Tsoho ya koma garejinsa, ni ma in huta da koya mini wanke tukunya da yake yi."

"Fistin ɗin mutane fa?"

"Waɗanne mutanen? Ai sun gudu, Marlys."

Da raha ta faɗa, amma idonta ya kawo ruwa. Gaskiya ni ma raina ya so babbar. Muna cikin haka sai ga Arvid ya shigo da itacen murhu. Muka ci gaba da zancensa yana nan bayanmu yana jera itace, ko waiwaye bai yi ba. Da ya gama ya zo ya tsaya a kan teburin.

"Me kuke ƙullawa, 'yan gulma?"

Na ɗaga murya na faɗa masa aikin akwatin, da halin kowace sensa, ban rage komai ba. Doreen ta harare ni. Shi kuwa ya ɗauki babbar ya jujjuya ta a tafin hannunsa.

"Wannan ce maƙaryaciyar ke nan?"

"Ba ta ƙarya, Yaya. Kawaici ne da ita."

"Irin Toivo," in ji shi. Ya ajiye ta. "Sa mini marar kunyar."

Da yamma muka shiga gareji, ya tayar da nasa babur ɗin. Ya ce sai ya fara da kunne tukuna. Ya saurara, ya murɗa, ya sake saurara, ya gyaɗa kai irin yadda ya saba in aiki ya yi. Sannan na jona tiyo biyun. Allura ta kwanta hagu har ta dangana da ƙarshen agogon.

Ya daɗe yana kallonta. Na so in ce ƙila wayar ce na haɗa ba daidai ba, sai na haɗiye maganar. Can ya ɗauki sukundireba ya fara murɗawa a hankali, idonsa a kan allura. Ta taso tana rawa, ta wuce, ya dawo da ita, ta tsaya tsakiya cak. Nan take kukan injin ya sauya, ya yi sumul, irin wanda na taso ina ji daga garejin nan tun ina budurwa.

Arvid ya ɗago kai.

"Marlys, yaya take kuka?"

Tunda nake ban taɓa jin ya yi wa wani mahaluki wannan tambayar ba. 

"Lafiya lau, Yaya."

"Ɗaga murya," in ji shi. "Ba na ji."