Layi Na Tara

Sada ya sake miƙa wa mai gadin maƙabartar 'yar takardar, kamar karatu na biyu zai canza abin da ke cikinta. Takarda ce da ta sha ninki har ta soma rabewa: shashe na huɗu, layi na tara, sai kwanan wata na shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Shekara uku ke nan, tun da ya ajiye aikin hedimasta a Malumfashi, yake bin sawun zuriyarsu. Ya tsuguna gaban allunan ƙarfe masu tsatsa a maƙabartu har biyar, yana goge su da bakin rigarsa don ya karanto sunan kaka ko kawu. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, to da wa zai yi hira in ba matattu ba? Mutum ɗaya ya rage masa: mahaifinsa, Abdulganiyyu, wanda ya tafi Hajji Sada na goye, bai kuma dawo ba. Ko hotonsa babu.

Shekaranjiya, bayan ya gama Umara, tambaya ta kai shi wani tsohon bene a unguwar Tandabawi, cikin Makka, inda ya tarar ashe yana da ƙanwa. Hafsa sunanta, haifaffiyar Makka, ta haura hamsin, Hausarta rabi Larabci. Ita ta ciro masa takardar. Maƙwabta ne suka binne Baba, suka rubuto mata lambar, don a nan mata ba sa shiga maƙabarta. Yanzu haka tana waje, jikin katanga, tana jiransa.

Mai gadin, wani dattijo ɗan Damagaram, ya dube shi da tausayi.

"Alhaji, baƙo ne kai ko? Nan ba a rubuta suna. Kuma shashen nan an buɗe shi ya fi sau biyu. In ƙasa ta gama aikinta, a kan matsar da abin da ya saura gefe, a sa wani."

"To shi yana ina?"

"Yana nan dai. Allah ya san nasa."

Duk da haka Sada ya je. Ya ƙirga layi tara da yatsa, kamar yana ƙirga ɗalibai a filin taro. Fili ne fetal, farar ƙasa, ga ƙananan duwatsu a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa, babu ko harafi. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya rasa dutsen da zai fuskanta. Rana ta dake shi a ƙeya. Bai taɓa jin maraici irin na wannan tsayuwar ba, shi da ke da jikoki goma sha ɗaya.

Da ya fito, Hafsa ta taso da sauri, ta riƙe gefen abayarta.

"Yaya, ka same shi?"

"Na same shi."

"Alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Shekara talatin yana dako a rana, tun daga Mina har kasuwa. Wallahi kullum shi nake tunani. Akwai inuwa a wajen?"

Sada ya kai hannu ya murza kunnensa na hagu, ya dubi takalminsa.

"Akwai," ya ce. "'Yar bishiya ce, amma tana rufe shi."

Hafsa ta tsaya tana kallonsa. Sai ta saki wata dariya da ta fito tare da hawaye.

"Ya Allah! Yaya, nan aka haife ni fa. Babu bishiya a ciki, ko yaro ya sani." Ta share ido da bayan hannu. "Amma kunnen nan! Haka Baba yake yi, sak, in ya dawo ya ce mana ya riga ya ci abinci a waje, mu cinye."

Motoci na ta wucewa a bayansu, hannun Sada na nan a kunnen, ya kasa saukewa.

"Sake yi," in ji ta. "Don Allah, Yaya, sake yi in gani."