Nas Marlina a Jirgin Selayar

Tun a tashar jirgin ruwa ta Bira Tenri ta ja mayafinta har kan gira, ta ɗaura takunkumi, ta ƙara da baƙin tabarau. Rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, amma ta gwammace gumi ya jiƙa ta da wani ya gane fuskarta.

Watanni ke nan tana fitowa a wasan talabijin mai dogon zango da ake kira Inuwar Gidan Shayi. Ita ce Marlina, nas mai yawan murmushi da baƙar zuciya. Da farko abin ya yi mata daɗi, don shekara da shekaru tana fitowa a 'yar aiki ko maƙwabciya, ba wanda ya san sunanta. Sai a makon da ya wuce aka nuna Marlina ta shiga ɗakin asibiti ta zare bututun iska daga hancin Cahya, ƙaramar yarinyar da duk ƙasar ke so. Tun ranar wayarta ba ta huta ba. Wata ta rubuto cewa ta tanadar mata ruwan batir. Wani kuma bai ce komai ba, hoton ƙofar gidanta na Jakarta kawai ya turo. Ba don gwaggonta ta bugo ta ce jikin mahaifinta ya yi tsanani can gida a tsibirin Selayar ba, da ko tsakar gida ba za ta leƙa ba.

Jirgin fito ya haɗiye manyan motoci a cikinsa, mutane suka hau sama. Tenri ta samu kujera a lungu, kusa da wata siririyar mata mai baƙin mayafi da ta rungume jakar makaranta ta yara a cinyarta. Ɗakin ya cika da warin kifi da man zafi da hayaƙin taba. Can gaba, a cikin kejin ƙarfe, talabijin na rataye. Jirgin bai gama juya hanci ba sai kiɗan da ta fi sani a duniya ya tashi. Maimaici ake yi.

"Ga ta nan, la'ananniya!" in ji wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi, wadda kowa ke kira Daeng Kebo. "Ku dubi tafiyarta, sumul-sumul kamar ta Allah."

"Inna, bi a hankali," in ji wani ƙaton mutum da tawul a wuya, Daeng Rewa, direban motar albasa. "Kada haƙoran nan biyu da suka rage su faɗa miki a kofi."

"Rufe min baki, ɗan nema. Ba kai ne kake kallon na Koriya kana sharɓar kuka a bayan sitiyari ba?"

"Ai su sun san inda za su tsaya, Inna. A yi soyayya, a rabu, a shirya, kowa ya kama gabansa. Namu kuwa sai mutum ya mutu an yi sadakar bakwai, ya dawo da sabuwar fuska yana neman gado."

Aka kwashe da dariya. Wata budurwa mai littattafai a hannu ta ce ita dai na Thailand sun fi mata, don ko mugu ne sai an nuna maka abin da ya mai da shi haka. "Amma gaskiya matar nan ta iya wasa," ta ƙara. "Ita ke riƙe da shirin gaba ɗaya."

"Wasa?" Daeng Kebo ta juyo da jikinta duka. "Yarinya, ido ba ya ƙarya. Wanda ba shi da abin a zuciya ba zai iya wannan kallon ba. An ce ma a gaske haka take. An ce ta taɓa ƙona 'yar aikinta da dutsen guga."

"Ni ma na ji," wani ya amsa daga baya. "A waya na gani."

Tenri ba ta taɓa ajiye 'yar aiki ba. Ta sunkuyar da kai, ta damƙe jakarta, tana jin zufa na bin gadon bayanta. A talabijin, hannunta ne ya miƙa a hankali zuwa fuskar yarinyar. Ta tuna ranar da aka ɗauka, yadda yarinyar da ke fitowa a Cahya ta dinga ƙyalƙyala dariya saboda bututun na yi mata cakulkuli, har sai da aka sake ɗauka sau da yawa. Ɗakin ya yi tsit. Matar da ke gefenta kuwa, hawayenta ke sauka kan jakar makarantar.

"Allah sarki Sanneng," Daeng Kebo ta faɗa tana duban matar, ta rage murya amma kowa ya ji. "Ku kashe mata abin nan mana. Tata 'yar a asibiti ta rasu bayan azumi."

Ba wanda ya tashi ya kashe.

Da jirgin ya shiga tsakiyar mashigin, teku ta sauya hali. Jirgin ya hau, ya sauka, ya karkata. Tenri tun tana yarinya ruwa ba ya yi da ita, ga shi ba ta ci komai ba sai shayi. Ta haɗiye miyau, ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta danne cikinta da hannu. Abin ya ƙi. Ta fizgo leda daga jaka, ta janye takunkumin, tabarau ya zame ya faɗi ƙasa.

Sanneng ce ta dafa mata baya. "Sannu, 'yar'uwa. Sannu." Ta miƙo mata man zafi. Tenri ta ɗago don ta yi godiya, sai ta ga hannun matar ya tsaya cak a sama. Idonta na kan tawadar Allah da ke ƙasan leɓen Tenri. Ta dubi talabijin. Ta sake dubanta.

"Ke ce," ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa.

Kafin Tenri ta mai da takunkumin, budurwar nan ta daka tsalle. "Wayyo! Nas Marlina ce! Wallahi ita ce!"

Da farko kamar biki. Wayoyi suka tashi sama, ana dariya, ana cewa ta yi murmushin nan nata a ɗauka. Tenri ta miƙe tana cewa, "Don Allah ku yi haƙuri, ba ni da lafiya." Sai wani abu ya sauka a kuncinta, tas. Silifas ɗin Daeng Kebo ne.

"Baƙar muguwa! Har kina da bakin cewa ba ki da lafiya? Ita yarinyar da lafiya gare ta?"

"Inna, wasa ne. Yarinyar tana nan da ranta, makaranta ma take zuwa."

"Kun ji ko? Haka ta yi wa likita ƙarya!"

Waɗansu suka yi dariya, waɗansu ba su yi ba. Na baya da ba su san me ke faruwa ba suka taso, na ƙasa suka ji hayaniya suka hawo. Tenri ta ga ƙofa a gefenta, ta tura ta fita, a zatonta iska da fili za su cece ta. Ashe wani siririn baranda ne, ba komai tsakaninta da teku sai ƙarfen da bai wuce ƙugunta ba. Mutane suka biyo ta ta ƙofar nan ɗaya, suna turereniya.

Ta zaro wayarta. Akwai hoton da suka ɗauka da Cahya suna shan ruwan kwakwa da tsinke ɗaya. "Ku duba, ku duba mana!" Gwiwar hannun wani ta doki nata. Tana gani wayar ta juya a iska, ta shige kumfar ruwa ba ko ƙara.

"A jefa ta ta bi wayar!" wani saurayi ya ƙwala daga baya, yana dariya. Wataƙila raha yake. Amma maganar ta bi bakuna tana dawowa, kuma duk dawowar da za ta yi dariyar cikinta ta ragu. Na baya suna turo na gaba don su gani. Ƙarfen ya shiga bayan Tenri. Ta waiga sau ɗaya, ta ga ruwan baƙi ƙirin yana gudu a ƙasa, ita kuwa 'yar tsibiri ce da ba ta taɓa koyon iyo ba. Ta kira sunan mahaifinta, ko wani zai san shi, hayaniya ta haɗiye muryar.

Sanneng ta ratso ta tsaya a gabanta, ta damƙi wuyan hannunta har farce ya shiga nama.

"Me ta yi miki?" ta ce. "Ki gaya min. Tana kwance tana numfashi, me ta yi miki?"

Tenri ta dubi idanun nan, ta gane ba Cahya ake tambayarta ba. Wannan ya fi ihun mutanen duka ba ta tsoro.

A daidai lokacin wata taguwar ruwa ta daki jirgin. Ya karkata, taron duka ya zubo kansu. Tenri ta ji ƙafarta ta bar ƙasa, bayanta ya lanƙwashe a kan ƙarfen, mayafinta ya tashi, sama da teku suka juye mata. Wata mata ta tsala ihu. Ba abin da ke riƙe da ita sai hannun nan da ke yagar fatarta. Sanneng ta durƙushe, ta tokare ƙafa da gindin ƙarfen, ba ta saki ba.

"Ku ja baya, 'yan iska!" Muryar Daeng Rewa ce. Ya shigo yana watsar da mutane kamar buhunan albasa, ya cafki Tenri ta ɗamara ya dire ta a ƙasa. "Kun haukace ne? A kan talabijin za ku yi kisan kai? Kai mai cewa a jefa, fito in ga fuskarka!"

Ba wanda ya fito. Mutane suka yi tsuru-tsuru, kowa na kallon na kusa da shi. Daeng Kebo na tsaye da silifas ɗaya a ƙafa. "Ni fa mari kawai na yi niyya," take ta faɗa. Waɗansu har yanzu wayoyinsu na sama.

Ma'aikatan jirgin suka iso suka kai ta wani ɗan ɗaki kusa da na matuƙi, suka ce ta sa sakata. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar. Duk takun da ta ji a waje sai numfashinta ya tsaya. Can aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Ni ce." Muryar Sanneng. "Ga jakarki da tabaranki a bakin ƙofa."

Tenri ta ƙara danna bayanta a jikin ƙofar.

"Na san wasa ne," matar ta ce. "Ba mahaukaciya ba ce ni. Kawai dai da na gan ki..." Ta matso kusa da ƙofar. "Da gaske yarinyar tana zuwa makaranta?"

"Tana zuwa, Yaya. Aji uku take."

"To. Allah ya raya ta."

Takunta ya yi nisa. Tenri ba ta buɗe ba sai da ta daina jin sa.

A tashar Pamatata, inda jirgin ya tsaya, Daeng Rewa ne ya fitar da ita, kwance a bayan kujerar motarsa, ya lulluɓe ta da zanin barcinsa. Tana jin muryoyi a bakin tasha ana tambaya ina Marlina, don labarin ya riga jirgin isowa. Sai da suka yi nisa ya ce ta tashi. Ya miƙo mata dunƙulen shinkafa a ganyen ayaba.

"Ci, ƙanwata. Ni ma fa, ranar da aka nuna wurin nan na zage ki, har na haɗa da iyayenki. Ki yafe."

Ta karɓa, amma ta kasa kai wa baki.

Ta samu mahaifinta da sauƙi fiye da yadda ta zata, ya rame amma ya gane ta, har ya yi mata faɗan rashin cin abinci. Ba ta gaya masa komai ba. Gwaggonta ce ta ga shatin farce a hannunta, ta wanke mata da ruwan ɗumi tana tsine wa mutanen jirgi. Da ta gama ɗaurewa sai ta matso, ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Tenri, tsakanina da ke. Yarinyar nan za ta farfaɗo ko? Kuma ke, me ya kai ki?"

Washegari mai shirya wasan ya same ta ta wayar ɗan gwaggon. Muryarsa cike da murna. Ya ce hoton abin da ya faru ya zaga ƙasa, ba a taɓa kallon shirin kamar jiya ba, don haka sun fasa kai Marlina kurkuku, za a ƙara mata zango guda. Ya tambayi ranar da za ta dawo. Ta ce za ta kira shi.

Ba ta kira ba. Ta zauna jinyar mahaifinta har ya fara takawa zuwa masallaci. A wasan aka ce Marlina ta yi hatsarin mota, aka kawo wata ta ci gaba da fuska a naɗe. Mutanen ƙauye suka saba da ita, yara suka daina gudu in sun hango ta. Amma ko kasuwa za ta, sai ta zaɓi wurin da bango ke bayanta, kuma da ta ga mutum uku sun juyo tare, sai ta ajiye cefanen ta kama hanyar gida.