Hassia ta Dawo Daga Lyon

A shekarar 1986 Hassia, 'yar Damagaram, ta shafe wata bakwai tana gyaran wani tsohon fim marar magana a ma'ajiyar finafinai a Paris. Zaren fim ɗin ya bushe, ya tsage wuri arba'in, ita ta liƙe shi da hannunta. Labarin wata mata ne da mijinta ya yi watsi da ita, har wani baƙo ya fara aiko mata wasiƙu.

Mijin Hassia, Alhaji Daouda, shagon atamfa gare shi a unguwar Barbès ta Paris. Bai taɓa tambayarta aikin da take yi ba. Da aka gayyace ta birnin Lyon don nuna fim ɗin, ya ce kaya sun iso, ba zai samu zuwa ba.

A Lyon, da azahar zauren nuna fim ya cika. Karim, makaɗin piyano, ya raka kowane motsin matar cikin fim ɗin da kiɗa. Da aka kira sunan Hassia, jama'a suka miƙe suna tafi. Ta tsaya cikin shuɗin leshinta, ba ta sunkuyar da kai ba.

Karim ya raka ta bakin kogi.

"Na lura da inda kika haɗa wurin da matar take karanta wasiƙa," ya ce. "Ki bar jirgin ƙasan yamma ya wuce. Zauna nan zuwa Litinin."

Maganar ta shige ta. Rabon da wani ya dube ta haka, shekara huɗu. Ta daɗe tana kallon ruwa.

"Kiɗanka ya yi daɗi," ta ce. "Amma ni ba na yin abin da sai na ɓoye."

Washegari ta shiga shagon, ta shimfiɗa jarida mai hotonta a kan atamfofin.

"Alhaji, mutum ɗari uku sun tashi tsaye domina. Wani ma ya roƙe ni in zauna. Ganin damata ne ya dawo da ni. Ran Asabar za a nuna fim ɗin a nan Paris."

Daouda ya daɗe yana duban hoton. "Ƙarfe nawa?"

Ran Asabar ya zo a makare, yana haki. Ta zaunar da shi a layin gaba, tana fassara masa rubutun Faransancin da ke fitowa a allo. Mutanen baya suka yi ta tsaki, ita kuwa ba ta rage murya ba.