Baba da Ƙarfe a Faransanci

Tun ranar da ya shiga sashen Faransanci a jami'a 'yan layinsu suka laƙaba masa Mushe, wai haka Faransawa ke kiran mutumin kirki. Innarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ɗanta da ransa da lafiyarsa ba za a kira shi da sunan mataccen jaki ba. Ina, suna ya riga ya bi shi. Gogan ma ko a jikinsa, in an kira har ɗan rusunawa yake yi.

Kuma fa Mushe ba daƙiƙi ba ne. Ba shi takarda da biro ka ga aiki, nahawun nan da ke sa 'yan aji gumi shi kamar shan ruwa. Matsalarsa haruffa biyu ce, f da p. A bakinmu ai 'yan ɗaki ɗaya ne, wannan ya sa rigar wancan ya fita ba wanda zai tanka. A Faransanci kuwa sai su kai ka su baro. Bara a jarrabawar baka ya so ya ɗan shafa wa shugaban sashe mai, ya ce masa shi gwani ne, wato fort. Abin da ya fito porc, alade. A gaban mutum uku da na'urar ɗaukar murya. 'Yan ajinsu suka tafi shekarar zama a ƙasar masu harshen, shi aka bar shi yana maimaita aji da ƙannensa.

Dokar sashe kuma sau biyu ake shiga jarrabawar nan. Ka faɗi na biyu, a miƙa maka fayil ɗinka ka nemi wani sashen. Yau ce ta biyun.

Abin da ya fi ci masa rai, Baba bai san an yi ta farko ba. Mushe ya ce masa tafiyar ce aka ɗaga. Baba mai walda ne, ba ya dogon bincike a kan abin da bai sani ba, sai kawai ya ƙera wa ɗansa akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu ya ajiye a lungun shago, duk sati sai ya goge shi. Da safen nan da Mushe ya biyo ta shagon, Baba ya ɗaga baƙin gilashin walda, ya tambaye shi ko yau ce ranar da za a fitar da sunayen masu tafiya. Mushe ya ce kusan haka. Baba ya ce Allah ya ba da sa'a, ya mayar da gilashi.

Mushe dai bai zo hannu rabbana ba. Madam, malamar da ke koyar da furuci, ta ba su batutuwa ashirin, a ciki za a ciri ɗaya a yi magana ta minti bakwai. Ta kuma ce kowa ya sayi madubi ya riƙa kallon bakinsa: p leɓe biyu su haɗu, f haƙori ya taɓa leɓe. Mushe ya yi kwana uku da madubi ya ga abin ba na ƙare ba ne, sai ya ɓullo ta bayan gida. Wata uku ya yi yana tsara jawabai waɗanda babu kalma mai p ko f a cikinsu. In kalma ta zo da ɗayansu sai ya nemo 'yar uwarta ya sa. Goma sha tara ya haɗa, ya haddace tsaf.

Na ashirin ne ya gagara, sana'ar mahaifi. Uba père ne, ƙarfe fer. Ko Papa ka ce ka faɗa rami biyu. Ƙarya kuma ba ta yiwuwa, don ƙarafan tagogin sashen nan gaba ɗaya Baba ne ya yi su, Madam har ruwa ta taɓa aika masa yana aiki. Mushe ya yi lissafi ya ce ɗaya cikin ashirin, ai sai mai baƙin jini.

A barandar ofis suna zaune kan benci, kowa na motsa baki kamar masu lazimi. Wata 'yar aji da ake ce wa 'Yar Gaba, don ba ta taɓa zama a layi na biyu ba, ta fito ido ja. Ta ce ban da Madam da shugaban sashe akwai wani baƙon farfesa daga wata jami'a, ba ya dariya, ba ya kallon mutum, rubutu kawai yake yi. Mushe ya so ya ja ta da wasa kamar kullum, sai dai bai samu dama ba. Aka kira lambarsa.

Ɗakin ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujeru uku a can, ɗaya a nan, fanka na juyi tana ƙara kamar za ta faɗo. Shugaban sashe ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ke cewa ban manta ba. Madam ta turo kwalin alli mai ɗauke da takardu a nannaɗe, ta danna na'ura, jar fitila ta kama.

Ya sa hannu, ya taɓa ɗaya, ya sake ta, ya ɗauki ta gefenta. Ya buɗe. Sai da ya karanta sau biyu. Na ashirin ɗin ne.

Madam ta ce ya faɗa musu abin da ya samu. Ya miƙa mata takardar kawai. Ta duba, ta ajiye agogonta a kan tebur.

Ya fara da kewaye. Ya ce akwai wani mutum a gidansu, mijin mahaifiyarsa, wanda ke fita tun asuba. Ya ce mutumin nan yana da shago, a shagon akwai wuta, akwai ƙara. Faransancin na fita sumul, amma kowa a ɗakin ya ji yadda yake tsallake wani abu kamar mai tafiya a layin da ruwa ya kwanta. Minti ɗaya ya wuce. Baƙon farfesa ya daina rubutu.

"Mijin mahaifiyarka," in ji Madam da Faransanci, a hankali. "Ba shi da wani suna a wurinka?"

Shugaban sashe ya gyara zama. Mushe ya ji gumi na bin bayansa har cikin wando. Jimlar tana nan a kansa, kalma biyar, ya san ta kamar sunansa: mon père travaille le fer, mahaifina yana aikin ƙarfe. Ya haɗa leɓe, ya raba, ya ja numfashi, ya sako ta da gudu don kada jimlar ta gane tsoronta yake ji.

"Mon fer travaille le père."

Ƙarfena yana aikin uba. Sun yi musanyar riga a hanya.

Shugaban sashe ya ajiye biro ya jingina, kamar wanda aka gama masa aiki. Baƙon ya ɗago kai karo na farko. Jar fitila na nan kunne. Mushe ya hango fayil ɗinsa a hannun masinja, ya hango kansa tsaye a ƙofar shago yana neman ta inda zai fara.

Baƙon ne ya yi magana. Ya tambaya, ba da wasa ba, ko abin da ɗalibin ke nufi ke nan, ƙarfe ne ke aikin uban.

Nan fa ɗan layi ya motsa. Mushe ya ce a'a, kuskure ne, harshensu harafi ɗaya gare shi a inda Faransanci ke da biyu, shi ya sa. Amma tunda an tambaya, in ji shi, kuskuren bai yi ƙarya ba. Ya ce su zo su ga hannun mutumin, duk tabon tartsatsi ne, ba ya jin zafin kofin shayi. Ya ce idonsa na dama kullum ruwa yake yi, in dare ya yi sai an ɗiga masa magani. Ya ce shekara talatin yana lanƙwasa ƙarfe, yanzu in ya miƙe tsaye sai ka rasa wa ya lanƙwasa wani. Ya nuna taga ya ce ga aikinsa nan, su duba haɗin, ba za su ga inda aka fara ba.

Jawaban da ya haddace duk suka watse. Kalmomin da ya yi wata uku yana gudu suka riƙa zuwa, wuta, hayaƙi, ƙofa, duk masu p da f, wasu su fito daidai, wasu a karkace, bai tsaya ɗaukar gawa ba. Bai san lokaci ya cika ba sai da Madam ta ɗaga agogo.

Ta ce saura abu ɗaya. Ya maimaita jimlar farko, sau ɗaya, ba gudu.

Mushe ya ja numfashi. Ya matse leɓɓansa har suka yi fari, ya saki père. Ya bi ta tsakiya a hankali kamar mai ɗauke da tire cike da ƙwai. Ya kafa haƙori a leɓe har ya ji ɗanɗanon jini, ya hura fer.

Ba wanda ya ce madalla. Madam ta kashe na'ura ta ce ya jira a waje.

Minti arba'in ya yi a kan benci. Ta cikin ƙofa yana jin muryar shugaban sashe na hawa, ta Madam na tare ta, ta baƙon na shiga jefi-jefi. 'Yar Gaba ta miƙa masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

Da ƙofa ta buɗe Madam ce, da takarda ɗaya a hannu. Ta ce biyu sun rinjayi ɗaya, da maki ɗaya tak ya haye, kada ya kuskura ya yi murna a gabanta. Ta ce ta gane wayon da ya yi tun sati na biyu, kuma daga gobe har ranar tafiya ƙarfe bakwai na safe yana ofishinta da madubi. Ranar Litinin ya kawo fasfo da hoto huɗu. Ta faɗi wannan da Faransanci, ta ce ya maimaita ta ji.

Mushe ya miƙe, ya haɗa leɓe da kyau ya ce passeport, ya fito tas. Ƙarfin gwiwa ya zo masa. Ya tuna photo, wato hoto, da p ake rubuta ta, ya manta da f ake furta ta, ya sake haɗa leɓe ya ce poto.

Madam ta naɗe takardar da ke hannunta.

"Shida da rabi," ta ce, ta rufe ƙofa.