Shaidun Alhaji Bawah

Ni Nasiba, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙofar gidan Alhaji Bawah a Zango, kusan shekara guda ban yi barci mai daɗi ba saboda ɗakina. Alhaji ne ya rene ni tun ina goye, bayan rasuwar uwata da ke haya a gidansa. Ba jininsa ba ce ni, don haka ba ni da gado. 'Ya'yansa maza kuwa, waɗanda sai da Sallah ake ganin ƙeyarsu, tuni suka fara kawo wani mai gina shaguna yana auna bango da ido.

Duk sanda na yi masa zancen wasiyya, sai ya ce, "Ke kina kira mini mutuwa ne? Ai na faɗa a ƙofar masallaci, ɗakin naki ne."

Kai! Haushi kamar in fasa tukunya.

Wata mai sayen abinci a wurina, Latifatu, loya ce ta harkar gado da haraji. Na roƙe ta, ta shigo ranar Asabar, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, da ka faɗa a masallaci, su wa suka ji?"

"Malam Issa."

"Allah ya ji ƙansa," na ce, "da azumin bara ya rasu."

"To, Moro mahauci."

"Moro da ko jikokinsa ba ya ganewa yanzu?"

Ya harare ni, ya buɗe baki zai kira na uku, sai ya fasa. Duk abokansa ne, kuma duk sun girme shi.

Can ya juya kan Latifatu. "Ke 'yar wa ce, da kike bin tsofaffi da takarda?"

Ta ce da fari a ofishin haraji take aiki, ba ruwanta da gadon kowa. Sai kawunta ya rasu a unguwar Akwatialine. Shi ma da baki ya ba uwarta ɗaki, a gaban abokansa. Bayan sadakar arba'in aka fito wa tsohuwar da kayanta waje, ana ruwan sama. "Ni na kwashe su a motar haya ta trotro zuwa unguwar Atonsu, Baba. Daga nan na koma makaranta na karanta wannan aikin."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Ɗauko biro," ya ce. "A kira liman da ladan, su yara ne. Ki rubuta na ba 'yata ɗakinta."

"Baba, in na rubuta 'yarka, an samu abin kamawa. Magaji ba a yi masa wasiyya. Sai dai in ce wadda ka rena."

Ransa ya ɓaci, na ga hakan a fuskarsa. Ni kuwa na ce shi ke nan, an ɓata komai.

"Rubuta yadda zai tsaya," ya ce a hankali. "Ni na san abin da take a wurina."

Ya dangwala yatsa, liman da ladan suka sa hannu. Wallahi sai na zauna daɓas a ƙasa ina kuka ina dariya.

"Tashi, uwar rigima," ya ce. "Je ki ɗakinki ki yi kukan."