Furen da Loveday Ta Ƙi

Da Denzil Trenear ya ajiye tuƙin jirgin da ke jigilar mutane tsakanin tsibiran Scilly, kowa a tsibirin St Martin's ya ɗauka mutumin zai miƙe ƙafa ya huta. Ina! Sai ya koma bayan gida, cikin ɗan filin da dogon shinge ya tare wa iskar teku, ya kama aurar da furanni.

Furen dafodil ba baƙo ba ne a tsibirin. Tun cikin Nuwamba, sauran ƙasar na rawar ɗari, ake yankansa ana cika kwalaye zuwa birni. Sai dai manoma irin da suka gada suke shukawa. Denzil kuwa nasa yake so, wanda ido bai taɓa gani ba: fari fat, tsakiyarsa launin lemo, mai riga kowane fure buɗewa. Wata rana a mashaya baki ya kwashe shi, ya ce a gaban jama'a in furen ya fito sunan matarsa zai sa masa.

Labari ya riga shi isa gida.

"Ni dai ban aike ka ba," in ji matar tasa, Loveday. Amma washegari ta gasa masa burodi mai zabibi, wanda ba ta yi sai ranar biki.

Aikin na durƙuso ne. Da hantsakin girar Loveday yake cire garin cikin farin furen tun bai nuna ba, ya lakato na wani rawaye da ɗan buroshin fenti ya shafa masa, sannan ya rufe kan da tsohuwar safa kada ƙudan zuma su yi masa katsalandan. Ƙudan na maƙwabcinsa ne, Jago Nance, wanda suka tashi tare suna kamun ƙaguwa a bakin ruwa, kuma har suka yi furfura bai daina tsokanarsa ba.

"Mutumina, yau ma ɗaurin aure ake?" Jago zai leƙo ta kan shinge. "Ba a gayyace mu cin kek ba?"

"Ka tsare ƙudanka dai. Su ne kwartayen unguwar nan."

Irin ya fito baƙi, ƙanana kamar masoro. Shekarar farko ganye ɗaya ya tsiro, siriri kamar zare. Ta biyu ya ɗan yi kauri. Loveday kan tsaya da kwandon wanki a ƙugu ta dubi tukwanen.

"Wannan ciyawar ce takwarar tawa?"

"Ki yi haƙuri, tsohuwa. Albasarsa ce ke girma a ƙasa."

"To, a gaishe ta."

Da yawa sun ruɓe, wasu katantanwa ta cinye. Sai a shekara ta shida, wata safiya bayan an kwana biyu ana ruwa, Denzil ya fito da kofin shayi ya tarar ɗaya ya buɗe. Furanni ne cunkus a kan kara guda, farare kamar kumfar teku, tsakiyar kowanne kamar an ɗiga masa ruwan lemo. Ko'ina a tsibirin babu furen da ya motsa tukuna. Ya tsaya yana kallo har shayin ya huce.

Loveday ba ta nan, ta bi jirgin safe zuwa tsibirin St Mary's wurin likitan haƙori, kuma daga dawowa ɗakin taron coci za ta wuce, inda ake shayin la'asar. Nan Denzil ya ga dama ta samu. Ya aske gemu, ya sa rigarsa ta Lahadi, ya yanke karan ya tsoma a kwalba, ya naɗe da takarda.

Ɗakin ya cika, tagogi a rufe, murhu na ci. Ya ajiye kwalbar tsakanin faranten kek, ya yi gyaran murya, ya yaye takardar.

"Jama'a, ga Loveday."

Aka ɗauki tafi. Loveday ta rufe baki da hannu, idonta ya ciko. Tamsin mai shago ta ce tun da take ba ta taɓa ganin irinsa ba, Rabaran ya kama hannun Denzil ya girgiza.

Sai ɗumin ɗakin ya fara aiki, wani wari ya tashi. Tamsin ta ɗaga mayafin tebur ta leƙa.

"Wa ya shigo da kyanwa?"

Rabaran ya juya gefe a hankali yana duba ƙasan takalminsa. Wata tsohuwa ta ture farantinta. Loveday ta sunkuya ta kai hanci kusa da furen, ta ja da baya kamar an mare ta.

"Denzil, ka shinshina abin nan kuwa?"

"Haba, ai kin san hancina. Hayaƙin inji ya kashe shi tuntuni."

"To Allah ya yi maka gata."

Ɗakin ya kece da dariya. Denzil ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ana cikin haka Jago ya kutsa, ya ɗauki kwalbar ya zuƙa har ƙirjinsa ya ɗago.

"Ku kuna da lafiya kuwa? Wannan ai zuma ce da ɓawon lemo!"

"Zumar akurki!" in ji Tamsin.

Jago ba wasa yake ba. Kwalba ta zaga hannu hannu, sai ga ɗaki ya rabu biyu: wasu na cewa turare, wasu na neman taga. Miji da mata suka saɓa, 'yan'uwa ciki ɗaya suka saɓa. Da aka matsa wa Rabaran ya raba gardama, sai ya ce mura yake yi.

A hanyar gida Denzil ya yi gaba, hannu a aljihu. Sai da suka kai gangaren bakin ruwa ya yi magana.

"Gobe zan tone shi in jefa a teku."

Ya juya ya ga Loveday zaune a kan katangar dutse, ta riƙe kumatun da aka cire mata haƙori, tana dariya har da hawaye.

"Wayyo, tsohon nan, kada ka kashe ni! Kar ka jefar, ban taɓa ganin fure mai kyansa ba, kuma na san gwiwoyinka nawa ya ci. Amma sunana dai, a'a. Bayan raina kowa ya wuce ya toshe hanci ya ce Loveday ta fito?"

Shi ma sai dariyar ta kama shi. Ya zauna kusa da ita har iska ta kore su.

Jago ne ya roƙi albasar, ya ce kuma a sa wa furen sunansa. Da ganyen ya bushe aka tone aka ba shi, ya dasa a bakin ƙofarsa, ta hayayyafa har ta bi shinge. Yau a St Martin's in ka ji an ce "Jago ya fara wari," to sanyi ya shigo, kuma Jagon da kansa ne mai fara kai labarin mashaya.

Ita kuwa Loveday, da furannin lambun suka buɗe a Disambar shekarar da aka yi abin, sai Denzil ya fito ya tarar da ita ta sa takalmin roba tana bin su ɗaya bayan ɗaya da hanci.

"Wannan a'a. Wannan ɗan'uwan Jago ne. Wannan ba shi da ko ɗaya." Ta tsaya kan wani ƙaramin rawaye a gindin shinge, wanda Denzil bai taɓa kulawa da shi ba. "Yawwa. Shi za ka aura wa farin."

"Wannan ɗan tsugul ɗin? Dubi fa wuyansa a karkace!"

"Kai ka ji da ido, ni in ji da hanci. Miƙo buroshin."

"Wata shekara shidan ce fa, tsohuwa."

"To sai ka rage cin man shanu in kana son ka kai lokacin," in ji ta, ta durƙusa.