Mashin a Zauren Almu

Sirajo mutumin Gumbin Kure ne, sana'arsa sarin albasa. Yakan saro ta a Aliero, ya ɗaure buhu a bayan mashin, ya kai wa masu sayarwa a Jega da Maiyama. Wata ranar kasuwa yana shigowa Jega da kaya, wani maraƙi ya tsinke igiya ya faɗo titi. Ya kauce wa maraƙin, mashin ya kwanta masa a cinyar dama. Shi aka sa shi a mota zuwa wajen masu ɗori a Aliero. Mashin kuwa abokinsa Almu mahauci ya tura shi gidansa a unguwar Jega Firchin, ya jingine a zaure.

Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta ɗan gajarce. Sirajo ya koma sana'arsa, sai dai yanzu a motar haya yake bin kayansa. In ya shigo Jega yakan tsaya a rumfar Almu su gaisa su taɓa hira, amma bai taɓa bin sa gida ba, bai kuma taɓa tayar da zancen mashin ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta.

Almu ne ya gaji ya yi magana, don ƙanensa na son buɗe shagon ɗinki a zauren.

"Ka zo ka ɗauke abinka," in ji shi, "ko kuwa a sai da. Akwai wani malamin makaranta, Malam Thomas, shina neman na hannu."

"A sai da," in ji Sirajo.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a ƙofar gidan. Da aka yaye buhunan da ke kan mashin, sai ga tayoyi sun kwanta, sarƙa ta yi ja da tsatsa, ɓeraye sun cinye soson kujera. Malam Thomas ya zagaya shi hannu a baya, ya ce yana so, amma sai ya ji kukan injin da kunnensa. Aka ba shi benci ya zauna, aka kira Lukman bakanike.

Lukman ya buɗe tanki ya shinshina, ya kau da kai. Ya tsiyaye tsohon fetur a gwangwani, ya fito ja kamar shayi. Ya kwance kafireta ya wanke, ya hura ƙananan ramukanta da baki, ya goge fulogi da takardar yashi. Zanzaro ya yi gini a bakin salansa, sai da ya sa waya ya farfasa shi. Almu ya tura mashin wajen mai faci aka ba tayoyin iska, ya dawo da kwalbar fetur.

Sirajo na tsaye a inuwa yana kallo kamar kayan wani ake gyarawa. Da aka tambaye shi makulli ya ce bai san inda yake ba, Lukman ya haɗa waya.

Lukman ya yi ta buga kik har rigarsa ta jiƙe. Mashin ya yi tari, ya yi shiru.

"Wanga sai turi," in ji Lukman. "Wa za ya hau?"

Almu bai taɓa koyon mashin ba. Malam Thomas ya ce shi ma koyon zai fara, shi ya sa yake neman tsoho. Lukman ya dubi Almu da tumbinsa, ya dubi ƙafar Sirajo, ya ga in shi ya hau babu mai tura shi.

"Kawu, kai ka san halinshi. Hau ka sa giya ta biyu, ka riƙe kuloci. In na ce saki, ka saki."

Sirajo ya duba lungun sama da ƙasa ko zai ga wani. Ba kowa sai wata tsohuwa da tallan daddawa. Ya ɗaga ƙafar da hannu ya ƙetara da ita, ya zauna a kan abin da ya rage na kujerar.

Suka tura. Lukman ya ce saki, ya saki. Mashin ya fizga, ya yi kamar zai shaƙe, sai ya ɗauka da ƙara, baƙin hayaƙi ya cika lungun.

"Kak ka tsaya!" Lukman ya ɗaga murya. "In ka tsaya mutuwa zai yi! Zagaya da shi, shi yi zahi!"

A ƙarshen lungun ya kamata ya juyo. Juyowa a wannan matsatsin wuri sai ya dafa ƙasa da ƙafar dama, shi kuwa bai yarda da ita ba. Sai ya karya hagu ya hau kwalta, da niyyar juyowa inda ya fi faɗi. Inda ya fi faɗi akwai motoci. Ya ƙara gaba. Idonsa na kan duk wata dabba da ke gefen hanya. Ya haye gada, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Can ya lura ƙafarsa ta hagu ta sa giya ta uku ba tare da ya shawarce ta ba. Giyar na ɗan tauri wajen shiga, kamar yadda take tun da.

A bakin Maiyama fetur ya ƙare. Ya gangara gefe kusa da teburin wani mai bumburutu da ke sai da fetur a kwalba, ya sauke ƙafar dama. Ta ɗauke shi. Ana zuba masa mai wayarsa ta yi ƙara, Almu ne.

"Kana ina? Mun ɗauka faɗuwa ka yi."

"Maiyama."

Almu ya ce, "Maiyama? Ga Malam Thomas nan zaune hwa."

"Ka ba shi haƙuri. Ka ce mashi na hwasa."

"To. Lukman ya ce ka canja baƙin mai tun yau, na ciki ya mutu. Kuma birkin baya ba ya kamawa sosai."

"Na ji shi," in ji Sirajo.

Babu mai turi a nan. Ya kafe mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya tsaya a gefen dama, ya taka kik da ƙafar hagu. Injin na da zafi, ya tashi ba gardama. Ya biya wajen wani bakanike aka juye baƙin man, aka ɗaure birki, aka shafa wa sarƙa mai, ya kama hanyar ƙauye a hankali.

La'asar ta yi lokacin da ya isa gida. Matarsa Shafa'atu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ji ƙarar ta leƙo, ta dubi mashin, ta dubi mai shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gishirin da na ce?"

Ya manta da shi sarai. Ya cire wayar da Lukman ya haɗa, injin ya mutu, ya jingine mashin a jikin rumbu.

"Gobe in na shiga Maiyama," in ji shi, ya nemi buta.